Uban da Na Raba da Malaman Firamare

Na Allah ne mu, kuma komai tsawon tafiya a wurinSa za a sauka. Mahaifina ya sauka wata ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke gidanmu na Dutse Uku a Jos, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Aka yi masa sutura, aka sallace shi bayan azahar. Mu huɗu ya bari, ni ne babba, kuma ni kaɗai ne namiji.

Na zaci cewa ranar da mutum ya rasa uba, ko ba komai, baƙin cikin nasa ne. Ban san sai na yi layi ba.

Kafin a fito da shi, layinmu ya cika da malaman firamare. Wasu sun iso da farin alli a hannun riga, domin a cikin aji labarin ya same su. Sun zo daga Gada Biyu, sun zo daga unguwar Congo-Russia, har da waɗanda ba su saba tsallakowa unguwarmu ba. Kiristocin cikinsu suka tsaya gefe, maza sun cire hula, har aka idar da salla. Da aka ɗaga makara sai Musulmin cikinsu suka yi mata caa, wannan ya sa kafaɗa taku uku, wancan ya karɓe. Sau biyu ina kutsawa ana ture ni, ba da gangan ba. Sai da baffana, ƙanin marigayi, ya daka tsawa ya ce, "Ku ba ɗansa wuri mana!" Sannan wani ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Au, ashe Ciyaman yana da ɗa babba haka?"

A zaman makoki akwai mutum ɗaya da ya fi kowa kuka. Shi ne sakataren reshen ƙungiyar malamai da mahaifina ya shugabanta shekaru da dama kafin ya yi ritaya. Ɗan asalin duwatsun nan ne, Kirista, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Ba a kiransa da suna a gidanmu, Sakatare kawai ake ce masa. Ya zauna a bakin tabarma ya haɗa kai da gwiwa, yana ta maimaita, "Oga ya tafi, oga ya bar mu." Masu zuwa ta'aziyya kuwa sai su fara durƙusawa a gabansa: "Sakatare, ya haƙuri? Allah ya ba ka dangana." Sai ya ɗago jajayen idanu ya nuna ni da hannu, sannan su juyo su ba ni abin da ya rage na gaisuwar.

Wata dattijuwar malama daga Congo-Russia, 'yar ƙabilar Ibo, wadda ta kusa shekara talatin tana koyar da 'yan aji ɗaya, ta shiga ta gai da mahaifiyata, ta fito ta tsaya a kaina tana share fuska da gefen zani. Ta ce, "Yarona, sori fa. Babanka shi ne baban mu duka." Na ce mata na gode, Allah ya ba da lada. A zuciyata kuwa na ce, ai ciwon ke nan.

Ba zan yi wa abin da na ji kwalliya ba. Kishi ne. An saba mai rubuta ta'aziyyar uba ya kawo yabo zalla, kuma yabon yana tafe, domin ya cancance shi. Amma shi da kansa ya hore ni da kiran abu da sunansa, kuma ba zan fara saɓa masa ba tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Ranar uku, bayan an shafa addu'a jama'a sun fara raguwa, Sakatare ya ja ni gefe. Dole in bayyana abin da ya kawo shi. Hukumar ilimi ta sanar da cewa za ta yi wa malaman firamare jarrabawar tantancewa, wanda ya faɗi ya koma gida. Tun da aka soma wannan magana mahaifina ya mai da zauren gidanmu aji. Kowace Asabar da safe malamai goma sha wani abu, yawancinsu masu furfura, sukan zo ya yi musu bitar lissafi da Turanci da dabarun koyarwa. Saura mako shida a yi jarrabawar ya rasu.

Sakatare ya ce, "Ƙanena, na san lokaci bai yi ba, abeg ka yi haƙuri da ni. Amma jarrabawa ba ya jiran makoki. In ka yarda, Asabar na sama mu ci gaba da zuwa zaure. Ni zan riƙe alli."

Na ce, "Makarantu sun ƙare a Jos ne? Ko ofishin ƙungiya ya rushe?"

Ya ce, "Ba haka ba. Tsoho da furfura ba zai zauna a makaranta yara su leƙo ta taga su gan shi yana koyon lissafin aji huɗu ba. A ofis kuma ƙananan malamai za su yi musu dariya. In mun canja wuri, wallahi rabi ba za su zo ba. A nan ne kawai ba su jin kunya."

Na ce masa gidan yana cikin makoki, mahaifiyata tana takaba, zan yi shawara. Baffana, wanda ya ji komai daga inda yake zaune, bai jira ya yi nisa ba ya ce mini, "Kai ne magaji, zauren nan naka ne. Ƙungiya ta ci ƙuruciyar yayana, ta ci lafiyarsa, kada ka bari ta haɗa da zaurensa. Sa kwaɗo." Na sa kwaɗo, na jefa makulli a aljihu. Kwana tara ke nan a gabana in yanke ko zan buɗe musu ko ba zan buɗe ba, kuma a cikin kwanakin nan ne na yi ta juya mutumin da na rasa.

Dogo ne, siriri, ba ya rabuwa da suwaita a ƙarƙashin kaftani ko da ana rana. Jan biro biyu yake sa wa a aljihun gaba, wai ko ɗaya zai ƙare a tsakiyar gaskiya. In takarda ta zo daga hukuma, sai ya karanta ta sau biyu: na farko don ya ji abin da suke so, na biyu don ya gyara musu kurakurai. An ce akwai wadda ya mayar musu da ita ja-wur, ya rubuta a ƙasa cewa a sake kwafa a kawo. Ba ya cin abinci a taron da hukuma ta kira. Yakan ce bakin da ke tauna ba ya musu.

Akwai labarin da na ji sau biyar a zaman makoki, kowane mai ba da shi yana rantsuwa cewa yana wurin. Iska ta yaye rufin azuzuwa biyu a wata makaranta a Gada Biyu, aka yi damina biyu ba a gyara ba. Ya rubuta wasiƙu har ya gaji. Daga ƙarshe wani babban jami'i ya aiko ya zo ofis a tattauna. Mahaifina ya ce ofis ba ya yoyo, a zo inda yake yoyo. Jami'in ya zo tsakiyar damina cikin farar shadda. Hedimasta ya tanadar masa kujera mai taushi, mahaifina ya sa aka mayar da ita, ya nuna masa bencin yara. Ya ce wanda bai zauna a benci ba, kada ya yanke wa mai benci hukunci. Sannan ya buɗe takardar buƙatu ya shiga karantawa a hankali, yana jan kowace jimla, yana satar kallon sama ta inda kwano ya kamata ya kasance, har hadari ya gama haɗuwa. Da ruwa ya sauko jami'in ya miƙe. Mahaifina ya ce, "Ranka ya daɗe, saura buƙata huɗu. Yara ma ba a tashinsu sai an kaɗa ƙararrawa." Mutumin ya koma ya zauna, aka karanta masa huɗun yana ɗiga. Kafin ƙarshen zango aka kawo kwano. Aji ɗaya aka rufa, ɗayan yana nan har yau yana kallon sama, amma malamai ba su cika faɗin wannan ɓangaren ba.

Ina jin labarin ana dariya da hawaye, ni kuwa ina lura da abu ɗaya: duk kyawawan labaran mahaifina a bakin wasu nake jin su. Nawa labarin daban ne, kuma ga shi.

Ina aji shida aka shiga wani dogon yajin aiki, kan kuɗin gudanar da makarantu da ƙarin girman da aka daɗe ana riƙe wa malamai. Mahaifina yana da wata ƙa'ida da ban taɓa jin wani yana da irinta ba. Ranar da aka fara yajin aiki yakan zazzage allin da ke aljihunsa a wani gwangwanin madara ya rufe, kuma daga ranar ba ya koyar da kowa, a ko'ina, har a janye. Sauran malamai suna karantar da 'ya'yansu a gida, masu hali suna kai nasu makarantar kuɗi. Kawuna ya ce zai kai ni, mahaifina ya ƙi. Na ji mahaifiyata tana roƙonsa a tsakar gida bayan la'asar.

Ta ce, "Malam, yaron nan jarrabawar shiga sakandare ce a gabansa. Ko awa ɗaya ce a rana."

Ya ce, "Ɗan mai gyaran takalmi na bakin layi fa? Wa zai ba shi awa ɗaya?"

Ta ce, "Ni ban haifi ɗan mai gyaran takalmi ba."

Ya ce, "Ni kuwa da hannuna na sa hannu a takardar da ta rufe masa aji. Malamin da ya rufe wa 'ya'yan mutane aji ya buɗe wa nasa zaure, ɓarawo ne mai alli."

Wata rana na yi ta maza na kai masa littafin lissafi na nuna masa inda ya gagare ni. Ya duba shafin, na ga ya gane inda na kuskure, har leɓensa ya motsa. Sai ya rufe littafin a hankali ya miƙo mini ya ce, "Riƙe tambayarka, za a buɗe makaranta." An buɗe, amma lokaci ya ƙure. Na faɗi. Na maimaita aji shida, ƙanwata mai bi na ta cim mini, muka zauna aji ɗaya ana kiran sunayenmu a jere. Wanda bai taɓa jin yara suna cewa "ɗan Ciyaman ya sha ƙasa" ba, ba zai san nauyin shekarar nan ba.

Don kada in zalunce shi, dole in faɗi safiyar jarrabawa ta biyu. Na tashi na tarar ya fere mini fensir uku da reza, ya jera su a kan tabarma, tsininsu ɗaya kamar an auna. Ya goya ni a keke cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasa, ya tsaya a bakin ƙofar makarantar tun shigarmu har fitowarmu, bai zauna ba. Da muka fito yara suka yanyame shi. Ya tambayi wannan yaya ta kasance, ya dafa kan wancan, ya lallashi wata mai kuka. Ni ya tambaya a ƙarshe, kuma ba da baki ba, da gira.

Na san amsar da kowane Bahaushe zai ba ni: alkunya ce. Ɗan fari ba a kama sunansa, ba a nuna masa so a gaban jama'a. Tsawon rayuwata mahaifina bai kira sunana ba. "Kai" ne, ko "yaron nan". Na san wannan al'ada, Hausa na karanta a jami'a, har takarda na rubuta a kanta aka ba ni maki mai kyau. Sanin sunan ciwo bai taɓa rage zafinsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kalmar da aka hana ni tana da mai ita. Sakatare yake kira "ɗana". In ya zo gidanmu tare suke cin abinci a kwano ɗaya. Sai ya ce, "Mama ya iya miya," mahaifina ya yi dariya ya tura masa tsokar nama. Ni kuwa in harshena ya zame ko kaɗan, sai in ji, "Sake faɗa." Gyara na samu a wurinsa ba adadi. Darasi, irin wanda malami ke zama ya ɗauko daga tushe, ban taɓa samu ba.

Da maganar jarrabawar tantancewa ta taso, ƙungiya ta rabu biyu, kuma a nan ne ya yi faɗansa na ƙarshe. Sababbin shugabanni, masu jini a jika, suka ce a ƙaurace mata baki ɗaya. Shi kuwa, ko da yake ya yi ritaya, ya je taro ya nemi a ba shi minti biyar. Ya ce bai ƙi a auna malami ba, domin ya ga malamin da ke rubuta kuskure a allo yara tamanin suna kwafa. Amma wanda bai watsa wa kaza hatsi ba, ba shi da bakin ɗora ta a sikeli. A horar da su tukuna, a ba su littattafai, wanda ya gaza a sake horar da shi, ba a kore shi da furfura ba. Wannan ya rubuta, wannan ya kai duk ofishin da aka bar shi ya shiga. Da suka ji ya buɗe aji a zaure, wasu suka ce ai wannan amincewa ce da jarrabawar ta bayan gida, har wani ya kira shi ɗan gwamnati a gaban jama'a, shi da ya taɓa kwana biyu a tsare saboda su. Ya ce musu, "Ku yi faɗanku a ofis, ni zan yi nawa a zaure. In kun yi nasara, mutanen nan sun ƙaru da ilimi. In kun faɗi, ba su faɗi tare da ku ba."

Ina bautar ƙasa aka yi duk wannan. Na dawo gida bara, na wayi gari wata Asabar na ji zaure cike da muryoyi, a tsakiyarsu kuma muryarsa tana dariya, irin dariyar da ban san yana da ita ba. Na bi ta ƙofar baya na fita. Da suka watse na same shi yana goge allo.

Na ce, "Baba, ashe zauren yana buɗuwa."

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce, "Ba yajin aiki ake yi ba."

Na ce, "Shekara guda na rasa."

Ya ce, "Na sani. Na riga ka ƙirga ta." Ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge. "Kai mutum ɗaya ne, kuma ga ka da digiri. Matar nan ta Congo-Russia in ta faɗi, aji guda ne ya rasa uwa."

Na ce, "Da na faɗi ban tashi ba fa?"

Can ya ce, "Da na tafi kabari da alhakinka." Ya ajiye tsumman, ya karkaɗe hannu. "Asabar mai zuwa ka shigo ka zauna."

Ban shiga ba. Na ce a raina ba zan karɓi a cikin taro abin da aka hana ni ni kaɗai ba. Asabar ta bi Asabar, ina jin su ta bango, ina bi ta ƙofar baya, har ranar da aka fitar da shi ta wannan zauren a kafaɗun mutanen da na ƙi zama da su.

Ranar Juma'a, ana gobe wa'adin Sakatare zai cika, na shiga wurin mahaifiyata. Tana zaune a kan tabarma da carbi, ta rame. Na ce mata na yanke shawara zan faɗa musu su nemi wani wuri, tun da tana takaba, bai dace baƙin maza su yi ta sintiri a ƙofar gida ba.

Ta dube ni ta ce, "Ni ke takaba ko zauren?"



Ta ce, "Takabata a ɗakina take, ba ta leƙa waje ba, ba ta aike ka ba. In za ka rufe, ka rufe da sunanka. Kada ka ɗora mini kayanka, nawa sun ishe ni." Ta ci gaba da jan carbinta. Wannan ne duk abin da ta ce.

Da safiyar Asabar aka tashi da yayyafi. Na leƙa ta taga na gan su a ƙofar gida, sun jeru a jikin bango suna fakewa, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Dattijuwar malamar tana rungume da littafin rubutu a cikin leda. Wani tsoho mai sanda, wanda ya fi mahaifina furfura, yana ta duba agogo kamar ɗalibin da ke tsoron makara. Baffana yana tsallaken layi a rumfar mai shayi, yana kallon abin da zan yi.

Na fita na buɗe kwaɗon. Ina so a rubuta daidai: ba tausayi ne ya buɗe shi ba, ba kuma girmama wasiyya ba. So nake in ga da idona abin da aka ba su aka hana ni.

Suka shiga kowa ya nufi wurin zamansa ba tare da an nuna masa ba. Sakatare ya miƙo mini alli ya ce, "Kai ne mai digiri, ƙanena. Bismilla." Na ce a'a, na wuce benci na ƙarshe na zauna kusa da malamar. Ya ɗan tsaya yana dubana, sannan ya juya ya nufi ƙofar cikin gida. A bakin ƙofar akwai kwano da dankalin turawa shida da wuƙa, an riga an ajiye. Ban san da wannan ba. Ashe kowace Asabar mahaifiyata takan ajiye, kuma ranar ma ta sa an ajiye tun kafin in taɓa kwaɗon.

Darasin haɗa rabi da sulusi ne. Sakatare ya yanka dankali ɗaya gida biyu, wani gida uku, ya rubuta a allo, ya kira tsohon nan mai sanda. Tsohon ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya ce biyu bisa biyar. Na ga kunnuwansa suna motsi don kunya, mutumin da ya koyar da iyayen wasu daga cikinmu.

Sai Sakatare ya jawo wata 'yar kujera ta tsuguno, ya zauna a gabansa har kansa ya yi ƙasa da na tsohon. Ya karkata kai gefe ɗaya, ya yi ɗan gajeren tari, kuma da ya buɗe baki ba Hausarsa ce ta fito ba. Kalmomin a tsaye suke, a jere, kowace da nauyinta, kamar yadda na san su a bakin mutum ɗaya tak a duniya. Ya ce, "Ba laifinka ba ne, Malam. Ni ne ban yanka daidai ba. Mu sake daga farko." Ya ɗauki sabon dankali ya yanka shi gida shida, ya sa wa tsohon uku a tafin dama, biyu a hagu, ya ce ya rufe hannu ya buɗe. Tsohon ya ƙirga, ya ɗago kai yana murmushi ya ce, "Biyar bisa shida." Aka tafa masa kamar ɗan aji uku.

Malamar ta sunkuyo ta raɗa mini, "Haka Baba yake yi. Kullum shi ne bai yanka daidai ba."

Na zauna ina kallon mutumin nan da ya kwashe karkata kan mahaifina da tarinsa da haƙurinsa, abubuwan da ba sa cikin gadon da za a raba mana. Na tsane shi a wannan lokacin fiye da kowane lokaci, kuma ban so ya daina magana ba.

Ya miƙe ya ce, "Akwai wanda bai gane ba?"

Na gane sarai. Na bar wannan lissafi a baya tun shekaru goma sha wani abu. Na ɗaga hannu.

Duk suka waiwayo. Sakatare ya dube ni, ya dubi hannuna a sama, bai yi murmushi ba, bai tambaye ni komai ba. Ya ɗauki kujerar da dankali ɗaya da wuƙa, ya ratsa tsakanin bencina har ƙarshen zauren, ya zauna a gabana, kansa ƙasa da nawa. Ya ce, "Ba laifinka ba ne. Mu sake daga farko."

Jarrabawar tana nan tafe, ban san wanda zai haye ba. Kishin ma yana nan, ban kuma san ranar da zai tafi ba. Abin da na sani shi ne makullin zauren yana aljihuna, kuma ni nake riga kowa zama.

Ya Allah, bawanKa ne ya zo maKa, malamin firamare, da farin alli a hannunsa. Ka gafarta masa abin da ya gaza, Ka yafe masa shekarar da ya ɗauke mini, domin ni na fara koyon yafe ta. Ka yalwata masa kabari, Ka sanya shi inda rufi ba ya yoyo, Ka ba mahaifiyata da ƙannena da sauran 'ya'yansa na Asabar haƙurin rashinsa. Amin.